Akwatin Yakaka Ya Daina Magana

"...lafiya ƙalau muka kwana, tunda ba mu tashi da ganin fuskarka ba. Ina ka shige kwana biyu, miji marar cefane?"

"Ina can ina neman wadda ta fi ki ƙuruciya," in ji Modu. "Wahalar ita ce, duk wadda na gani a Fagge ta fi ki, har na rasa ta zaɓa."

"Zauna, kafin wandon nan ya kwashe mini ƙasar tsakar gida. Yadi kamar na labulen sinima, ƙafar da ke ciki kuwa ko tsoka babu."

Modu ya tattare ƙafafun wandonsa masu faɗi ya zauna a bakin tabarma. Asabar ce da hantsi, a shekarar nan ta rabon kuɗin Udoji na ƙarin albashi, lokacin da ma'aikaci kan kwanta da keke ya tashi da babur. Shi akawu ne a wata masaƙa a Bompai. Yakaka kuwa kakarsa ce ta wajen uba, Babarbariya da aka kawo Fagge tana amarya tun mota ba ta gama sanin hanyar Barno ba. Tun ranar sunansa ta ce ta yi sabon miji, kuma tun da bakinsa ya buɗe ba a taɓa jin sun faɗa wa juna magana mai daɗi a gaban mutane ba. Duk gidan an san ba ta da kamarsa.

Yau dai ba wasa kaɗai ya kawo shi ba. A zaure mahaifinsa, Alhaji Abdulgani, ya tare shi, ya ce ranar Laraba saura kaɗan tasi ta kaɗe tsohuwar a bakin titi. Direba ya yi ta hon har mutane suka fito daga shaguna, ita ko waiwaye ba ta yi ba. "Kunnenta ne," in ji shi. "Akwai likitan kunne da ke duba mutane ranar Litinin. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta kamawa, ta ina zan fara? Ƙannena sun gwada, ta kore su da muciya. Kai ne mijinta, bakinka ba ya laifi." Haka manya suke. Duk maganar da ta yi musu nauyi sai su ɗora wa jika, su koma zaure suna jan carbi.

Modu yana laluben ta inda zai ɓullo, sai ita ta riga shi.

"Da ma ina nemanka. Akwatin kakanka ya daina magana."

"Ya gaji ne. Shekara nawa yana magana ke kina katse shi?"

"Da can in na kunna shi har maƙwabta sai sun san an kunna. Yanzu mutumin da ke ciki sai ƙus-ƙus yake, kamar mai gulmar surukarsa. An ce kun samu kuɗin gwamnati kuna ta sayen shirme. Ka kai shi a sa masa sababbin sifiku, in dai kai miji ne ba hoto ba."

Akwatin yana ɗakinta, ya tare bango guda. Rediyo ne mai garmaho, ɗan Jamus, katakonsa na sheƙi, ƙafafunsa sirara, a sama akwai murfin da ake ɗagawa a ɗora faifai, gaba kuma dama da hagu an rufe bakin sifikun da wani yadi mai ruwan zinari. Mijinta, marigayi Baba Gana, ya sayo shi da ribar fata a shekarar samun mulkin kai. Yakaka ba ta damu da faifan ba. Abin da take jira kullum shi ne shirin Kanuri da ake yi daga Kaduna bayan la'asar. Matan da suka zo Kano tare da ita duk sun riga ta, 'ya'yanta kuwa in ta yi musu Kanuri da Hausa suke amsawa.

Modu ya kunna ya saurara. Muryar ta ɗan dusashe, da wata 'yar karkarwa a gefen hagu, amma ana ji sarai. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga yadda ta kafe shi da ido, ya fasa.

"To, za a kai shi wajen Yekini a Sabon Gari. Ke ki zauna ki jira."

"In zauna? In ba ka akwatin Baba Gana ka tafi da shi kai kaɗai? Kai da aka aike ka sayen manja ka dawo da kwalba ba murfi?"

"Ina ɗan shekara shida fa, Yakaka."

"Har yau ban ga abin da ya ƙaru ba sai gashi."

Haka aka yi. Aka samo a-kori-kura, ƙarti suka ciccibi akwatin, ta sa aka shimfiɗa masa bargo aka lulluɓe shi da zanen gado. Ita ta hakimce a gaba kusa da direba, Modu na baya rungume da katako, iska na wasa da gashin da ya sha wahalar tajewa. A shataletalen Bata motoci suka cushe, sababbin babura na kutsawa ta ko'ina, hon ta gaba hon ta baya. Ya leƙa ta gilashi ya ga kowa a motar ya yamutse fuska saboda ƙara, ban da ita. Tana zaune lafiya lau tana kallon masu tallan atamfa.

Shagon Yekini yana wani lungu a bayan kasuwa, tsakanin wani tela da mai sayar da batir. Yekini Bayarabe ne haifaffen Fagge, tare suka yi firamare da Modu, Hausarsa kuwa ko a cikin birni sai haka. Ya durƙusa ya gaida tsohuwar, ya ba ta kujerarsa, sannan ya zagaya ya kwance allon bayan akwatin. Yana cire shi wani ƙamshi ya bugi shagon gaba ɗaya, har tela na maƙwabta, wani mai suna Augustine, ya tsayar da kekensa ya leƙo.

"Mama," in ji Yekini, "amarya ake ajiyewa a cikin nan?"

Modu ya maimaita mata da ƙarfi, yana dariya.

"Turaren wuta ne," ta ce. "Duk Juma'a nake sa masa kasko a ƙarƙashi. Haka nake yi tun mai shi na da rai. Ɗakin 'yar Barno ne, ba ɗakin gwauro irin na abokinka ba. Kayan ɗaki ai sai da turare."

Yekini ya zaro sifikar hagu ya ɗaga ta a haske. Baƙa ƙirin, ta yi danƙo, gefenta ya tsage. Ya ce ita sifika takarda ce, rawar da take yi ita ce murya, to hayaƙin shekara da shekaru ya daskare a kanta har ta sandare. Ta daman ma ba ta fi ta ba.

"Kin ji aikinki," in ji Modu. "Mutane na bandar kifi a Baga, ke kin zo Kano kina bandar rediyo. Saura barkono da gishiri a kai kasuwa."

"Ya ce ta lalace?" Idonta na kan bakin Yekini.

"Ta lalace, Mama."

"Alhamdu lillahi!" Ta tafa hannu. "Ka ji ko, mai kan kwando? Akwatin ne! Ka je ka gaya wa masu zama a zaure suna ƙus-ƙus a kaina. Akwatin ne!"

Bai taɓa ganin wanda aka ce kayansa sun lalace ya yi irin wannan murna ba. Shi kansa sai da ya ji wani sanyi a ransa. Wa ya sani, ko da gaske akwatin ne? Ko ranar Laraba tunani ne ya ɗauke mata hankali? Mutum in yana son abu, ba ya rasa hujja.

Yekini ya sauko da sababbi daga kanta, 'yan Japan, cikin kwali. Ya ce ba zai sa manyan nan da samari ke so ba, don za su fi ƙarfin injin akwatin, a zo ana kuka. Ya zaɓo madaidaita guda biyu, da wasu 'yan ƙanana kamar murfin gwangwani, ya ce su ne ke fito da siririyar murya, yadda maganar mutum za ta fita tas.

"Waɗannan 'yan firit ɗin?" in ji Yakaka. "Na kawo muku tukunya za ku mayar mini da ludayi?"

"Zamani ke nan, amarya. Yanzu ƙarami shi ne mai aiki. Dube ni, dube ki."

"Na dube ka. Ka gaya masa kada ya taɓa katakon waje, kada ya taɓa yadin gaba. Mai shi da hannunsa yake goge yadin nan. In na ga ƙwarzane ɗaya, a gashinka zan rama."

"In aka canza cikin duka, ai ya tashi daga akwatin Baba Gana. Ya zama Bajapane da rigar Bajamushe."

"Kai da aka canza maka haƙora gaba ɗaya kana yaro, ka tashi daga jikana ne? Da na huta."

Sababbin ba su cike ramin tsofaffin ba, sai da Yekini ya yanko falanki siriri ya huda tsakiyarsa, ya ɗaure su a jiki, sannan ya ɗaure falankin ta ciki inda ido ba ya gani. Ya ja wayoyi ya liƙe da dalma, warinta ya gauraya da ƙamshin turare. Yakaka ba ta ɗauke ido daga hannunsa ba, kamar mai kallon ana yi wa ɗanta kaciya. Can ta aiki Modu ya sayo mata lemo, ya kawo, ta ce ya yi sanyi da yawa, so yake haƙoranta su zube ya ci gado.

"Wane gado? Kasko da tsummokara?"

"Da akwatin da ka fi shekara ashirin kana haɗiyar yawu a kansa."

"Shekararsa goma sha biyar a gidan."

"Kai tun kafin a sayo shi kake kwaɗayinsa."

Wajen azahar aka gama. Yekini ya ɗora wani faifan kiɗa, ya murɗa kaɗan. Sauti ya fito garau, ganga daban, algaita daban, kamar makaɗan na tsaye a shagon. Modu ya juya ya dubi kakarsa.

Tana zaune ta karkata kai, tana jira.

"Ya kunna ne?" ta ce.

Yekini ya ƙara murɗawa. Ƙananan kusoshin da ke cikin faranti a kan teburinsa suka fara rawa. Augustine ya sake leƙowa, wannan karon da yatsa a kunne.

"Yauwa, ya fara tasowa," in ji Yakaka. "Ɗan ƙara kaɗan, ɗana. Har yanzu ƙasa-ƙasa yake."

Yekini bai ƙara ba. Ya dubi Modu, Modu ya dubi ƙasa. Masu wucewa sun fara tsayawa a bakin shago, kuma in aka ƙara minti ɗaya wani zai faɗi abin da kowa ya gani. Wasan jika da kaka yana da iyaka, ba a kunyata tsohuwa a kasuwa.

"Kashe, Yekini," ya ce da ƙarfi, yana yi masa alama da hannu. "Tsohuwar nan ba ta san kiɗan birni ba. Sai an kai shi gida ya huta, ya saba da sababbin kayan cikinsa."

"Aikin Japan ke nan," in ji Yakaka tana gyara mayafi. "Ƙyalli a waje." Amma muryarta ba ta da ƙarfin ɗazu, kuma ba ta kalli kowa ba.

Da aka ɗora akwatin a mota, Modu ya tsaya ɗaure igiya, ya ba ta baya. Tana tsaye dab da shi, in ya miƙa hannu zai taɓa ta. Sai wani abu ya zo masa. Bai juyo ba, ya ce da muryarsa ta kullum, "Yakaka, Allah ya ƙara miki lafiya. Allah ya bar mana ke."

"Kai ne dai mummuna," ta ce nan take. "Ni a zamanina har daga Kukawa ake zuwa kallona."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ashe haka take yi. Ta ga kafaɗarsa ta motsa, ta san ya yi magana, kuma ta san duk maganar da za ta fito daga bakinsa tsiya ce, sai ta ɗauko amsa daga cikin waɗanda ta tara. Wasan nasu ya tsufa har ta haddace shi, ba ta buƙatar ji kafin ta rama. Wata nawa ke nan yana zuwa yana zuba zance, yana komawa gida yana cewa tsohuwa garau take, bakinta bai mutu ba? Tausayinta ya kama shi, da kunyar kansa. Ya ƙulle igiyar ya hau baya.

Sun iso Fagge, an mayar da akwatin bangonsa, an yi la'asar. Mahaifinsa ya ɗaga masa gira daga zaure, Modu ya wuce kamar bai gani ba. Ya sami Yakaka ta riga ta kunna, ta jawo 'yar kujerarta dab da yadin gaba. Mai shirin Kanuri ya yi sallama, muryarsa ta cika ɗakin ta fita tsakar gida, har matan gida suka ɗaga kai daga tankaɗe. Ita kuwa ta ɗora tafin hannunta a kan katakon ta bar shi a nan. Modu ya lura da leɓɓanta. In katakon ya yi motsi sai ta gyaɗa kai, in ya tsaya sai ta jira. Da hannu take sauraro.

Ya saki labulen ƙofa, ya zo ya durƙusa a gabanta inda za ta ga bakinsa sosai. Ya rage ƙarar. Ya yi maganar a hankali, kalma bayan kalma.

"Amarya, sakinki zan yi."

"Ka daɗe ba ka saka ba. Da wane laifin?"

"An cuce ni a auren nan. An ce mini mace ce mai kunne biyu. Yau na duba na ga na ado ne, 'yan kunne kawai suke riƙewa."

Ya jira muciya, ko carbi, ko takalmi. Ba ta ɗauki komai ba. Ta janye hannunta daga kan akwatin ta ɗora a cinya.

"Wancan na zaure ne ya aiko ka."

"Shi ne. Amma ko bai aiko ni ba, yau na gani da idona. A bakin mota addu'a na yi miki, kika ce mini mummuna."

"To ƙarya na yi?"

"Ba ki yi ƙarya ba. Amma ba ki ji ba."

Mutumin cikin akwati yana ta karanto gaisuwar masu sauraro, sunaye da garuruwa, ba mai amsa masa.

"Kai a ganinka ban sani ba?" ta ce daga baya. "Tun azumin bara na daina jin ladan. Sai na ga fitilar ɗakin uwarka ta kama nake sanin an kira assalatu. Ku kuna zaure kuna shawara a kaina, ni na riga ku sani da shekara guda."

"To don me kika bari muka yi ta jidar katako har Sabon Gari? Bayana har yanzu ciwo yake."

"Bayan da ba ya ɗaukar komai sai riga." Ta ɗan murmusa, murmushin bai daɗe ba. "Akwati ana kwance bayansa a cire tsoho a sa sabo. Na gani yau da idona. Da yaron nan ya ɗaga baƙar takardar ya ce ta lalace, wallahi ji na yi kamar an ba ni kujerar Makka. Na ce ashe ba ni ba ce. Da ya kunna na ga telan nan ya toshe kunne, sai na san an gama."

"Ba a gama ba. Likita bai duba ba. Wataƙila dauɗa ce ta toshe, a wanke. Wataƙila ke ma turaren ne ya yi miki banda. In ma ba haka ba, an ce akwai wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a kunne, kamar ƙaramar sifika."

"Ni ma za a kwance bayana ke nan."

"Za a sa miki 'yar Japan. Ki zama Bajapaniya da zanen Barno."

"Bajamushiya nake so. Na ga aikin Japan yau."

"Aikin Japan lafiyarsa ƙalau, har Kantin Kwari an ji shi."

Ta kai masa duka a kafaɗa, marar zafi. Sannan ta bar hannun a nan, ta riƙe rigarsa.

"Modu." Rabon da ta kira shi da sunansa har ya manta. "In likitan ya leƙa ya ce babu gyara fa? Muddin ban je ba, ina iya cewa akwati ne, ko mai shirin ne ba ya buɗe baki. In na je ya faɗa, magana ta ƙare. Ni ba motar titi nake tsoro ba, kwana in ya ƙare ko a kan gado ne sai a tafi. Mutumin nan na cikin akwati, ban san fuskarsa ba, amma shi kaɗai ya rage yana yi mini magana da harshen da uwata ta yi mini. In shi ma ya yi shiru, wa ya rage?"

Modu ya zo da shirin tsiya iri-iri, babu wadda ta dace da wannan. Bai iya yi mata alkawarin likita zai gyara ba, don bai sani ba, kuma ita ba a yi mata ƙarya ta zauna. Ya dubi sababbin sifikun da ba a gani a bayan yadin zinari, ya ga iyakar abin da kuɗinsa za su iya ke nan.

"Ni," ya ce.

"Kai me?"

"Ni na rage. In ya ce babu gyara, kullum bayan la'asar zan zo in saurari mutumin, in sa baki a kunnenki in faɗa miki abin da ya ce. Ni ba a yi mini banda, ba na cin lantarki, sai dai tuwo."

"Da wane harshen? Kai da aka haifa a bayan Tashar Kuka? Kanurin da ke bakinka ko kaza ba zai kora ba."

"Ina da shi. Ajiye shi na yi don kada ya tsufa."

"To fito da shi mu gani."

Ya laluba cikin kansa. Abin da ya samu bai taka kara ya karya ba: gaisuwa ɗaya, da sunan ruwa, da wata kalma da ta sha jefa masa yana yaro in ya yi ɓarna, wadda bai taɓa tambayar ma'anarta ba. Ya matsa, ya kafa bakinsa a kunnenta na dama, ya tattaro su duka ya kwarara mata da iyakar ƙarfinsa.

Yakaka ta zabura. Ta dube shi baki buɗe. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke farawa daga ciki ba sauti, ta dafe akwatin, ta sunkuya, hawaye na bin tsagen fuskarta. Matan tsakar gida suka taso suna tambayar lafiya ta bayan labule.

"Ka san abin da ka ce?" ta ce da ta samu numfashi. "Ka gaishe ni gaisuwar safe da la'asar sakaliya, ka roƙi ruwa, sannan ka ce mini ɗan akuya!"

"Amma kin ji."

"Na ji. Wannan kam na ji shi tas, da ma ban ji ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Innalillahi. Jikan Gana ke nan. In na bar ka da harshen nan a haka na mutu, me zan ce wa mutanenmu in na same su?"

Ta kwance bakin zanenta ta ciro farin goro, ta ɓare, ta duba ɓarin biyu, ta miƙa masa babban.

"Karɓi, ka ci ni yau. Ka zo ranar Litinin da wuri ka kai ni wajen mai leƙen kunnen. In ya gyara, ka shiga uku, don duk ɓarnar da ka yi sai na ji ta na gyara maka. In bai gyara ba, ka zo da bakin nan naka kullum, mu fara daga gaisuwar yamma."